Kafin Ka Jinginar da Gonar Gado Saboda Daffo

Rubutun nan zai yi tsawo, mai sauri ya wuce abinsa. Amma in kana da ɗa ko ƙane da ya cike fom ɗin soja, ko yake shirin cikewa, ka daure ka karanta har ƙarshe.

Shekaranjiya bayan sallar Magariba wani dattijo maƙwabcinmu ya yi sallama da ni. Sa'an mahaifina ne, tare suka yi karatun allo. Bayan mun gaisa ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Malam, hannu nake so ka sa mini a nan, shaida." Na haska da fitilar waya, sai na ga takardar jinginar gona ce, fadamar da yake noman rake a ciki, wadda ya gada wajen mahaifinsa. Na ce, "Baba, lafiya? Ciwo ne ko biki?" Ya ce babu ko ɗaya. Yaron nan ne zai shiga soja, an haɗa su da wani mai hanya, ya ce a kawo naira dubu ɗari takwas, rabi yanzu, rabi idan suna ya fito.

Na roƙi a kira mini yaron. Ya zo ya durƙusa, saurayi kakkaura masha Allah. Na ce masa, "Yaushe rabonka da gudu?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai tun muna firamare." Ka taɓa gwajin jini? Bai taɓa ba. Na ce ya ɗauko takardunsa. A sakamakon jarrabawarsa Muhammad ne, a katin NIN Mohammed ne kuma an ƙara masa sunan gari a ƙarshe, a takardar haihuwa Muhammadu ne, shekarar haihuwar ma biyu ce ta bambanta. Na ce, "Baba, ka gafarce ni, ba zan sa hannu ba." Ya naɗe takardarsa ya tashi, ko sallama bai yi mini ba. Abin ya tsaya mini a rai kwana biyu, shi ya sa na zauna rubutun nan, don na san ba gidansa kaɗai ba ne. Daga Paki zuwa Gubuchi zuwa Likoro, duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar kurata haka muke rikicewa. Kowa na neman wanda ya san wani. Ba na jin ana tambayar abu guda da ya fi komai muhimmanci: shin yaron ya shirya?

Mu fara da maganar kuɗin. Rundunar Sojan Ƙasa ta Najeriya, duk sanarwar da take fitarwa ta ɗaukar kurata, tana faɗa ƙarara cewa fom kyauta ne. Abin da za ka kashe shi ne na mai shagon intanet da ya cike maka ya buga maka takarda. To kuɗin nan dubu ɗari takwas wa za a ba? Bari in gaya muku yadda sana'ar take tafiya, don ba ta buƙatar sanin ko kofur guda. Mutum zai karɓi kuɗin yara ashirin ya zuba a aljihu, ya koma ya kwanta. A cikin ashirin ɗin nan dole a samu biyu ko uku da za su tsallake da ƙafarsu, saboda lafiyarsu ƙalau, takardunsu daidai. Ranar da suna ya fito sai ya bugo waya yana cewa "kun ga aikina ko?", ya karɓi cikon kuɗinsa, iyaye na sa masa albarka. Sauran goma sha bakwai kuwa sai ya ce oga ya yi tafiya, a jira zagaye na gaba. Wanda ya matsa masa sai ya mayar masa da wani abu, shi kuma ya tafi yana yabonsa da amana. Caca yake yi da gonakin mutane, kuma duk yadda ta faɗi shi ba ya asara. Waɗancan biyun da suka shiga su ne tallarsa ta baɗi.

Na san abin da wasu za su ce. "Malam, kamar ba a Najeriya kake ba, akwai abin da ake samu ba da hanya ba?" Ni ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kuma ba zan rantse muku cewa babu alfarma ba. To mu ɗauka akwai. Mu ɗauka mutumin naku da gaske yana da uwa a gindin murhu, ya cusa sunan yaro. Daga nan fa? Wata shida ake yi a Daffo. Mai hanyar ne zai tashi masa kafin asuba? Shi zai goya masa jaka da bindiga ya yi tattaki cikin zafin watan Afrilu na Zariya, ko ya kwana masa a daji cikin sanyin hunturu? Alfarma iyakarta bakin ƙofa. Abin da ke ciki tsakanin yaro ne da ƙafafunsa da huhunsa. Wanda ka tura yaronsa ciki ba shiri, ba taimakonsa ka yi ba wallahi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Tun 1924 Daffo take a Zariya, ta haura shekara ɗari. Barikin da take ciki, Chindit, ya samo sunansa ne daga rundunar da sojojin Najeriya suka yi yaƙi a cikinta a dazukan Bama a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da yawan mazan jiyan nan da Hausa ake ba su umarni. Daga Hunkuyi ka biyo ta Basawa ba ka yi awa guda ba ka isa. Daga Makarfi ka fito Tashar Yari ka miƙe. Yaro zai taso daga Bayelsa ko Ebonyi, ya kwana a mota, bai san yanayin garin ba, bai san abincin ba, ya zo ya gama lafiya. Mu da muke jin ƙarar harbin atisaye kusan daga gonakinmu, mu ne ake sayar wa hanyar zuwa Sabon Gari.

To mene ne shirin? Na farko jiki, kuma a nan yaranmu suke yaudarar kansu. Yaron da zai wuni yana lodin rake a mota a Makarfi, ko ya yi huɗa daga safe har azahar, gani yake ya gama da ƙarfi. Ƙarfin noma daban, numfashin gudu daban. Na ga ƙato wanda yake ɗaga buhun masara shi kaɗai, aka ce ya zaga filin ƙwallo sau biyar, a na uku ya dafe ƙirji yana neman amai. Numfashi ba a gina shi a sati guda. Aƙalla wata uku kafin tantancewa yaro ya fara fita bayan sallar Asuba. Ya fara da kilomita ɗaya ko biyu, yana haɗa gudu da tafiya, kwana uku ko huɗu a sati, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya iya yin kilomita biyar bai tsaya ba. Na ce kaɗan-kaɗan da gangan. Wanda ya kwashe shekara biyar a kan babur, sannan ya tashi rana ɗaya ya ce zai yi kilomita goma kullum, ƙashin ƙaurinsa ne zai tsage a hankali, ciwon da ya addabi kurata a duk sojojin duniya, har na Amurka da Ingila masu kayan aiki. Ranar hutu tana cikin horo. Ya haɗa da motsa hannuwa da ciki, ya riƙa doguwar tafiya da kaya a baya.

Sai ƙafa. Mu 'yan silifas ne, mu faɗi gaskiya. Ƙafar da ba ta saba da rufaffen takalmi ba, ranar da aka ɗaure ta cikin but na soja daga safe zuwa dare, bororo za ta yi ta fashe, kuma ba wanda zai ce ka zauna ka huta saboda bororo. Ka samu rufaffen takalmi ko na gwanjo ne, da safa mai kauri, ka saba da su tun yanzu. Ka koyi shan ruwa kafin ƙishirwa ta kama ka. In ka ga fitsarinka ya yi duhu kamar shayi bayan gudu, ka tsaya, in bai washe ba ka tafi asibiti, wannan ba jarumta ba ce.

Abu na biyu shi ne wanda muke gudu kamar mutuwa: gwajin lafiya. Soja za su duba ka daga sama har ƙasa, jini, fitsari, ido, ƙirji, hawan jini, har tsayuwar ƙafa. Me ya sa za ka bari sai a can za ka fara jin labarin jikinka? Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan tamu, kuma mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Gwajinsa ba tsada. In ba ka da shi akwai rigakafi, in kana da shi ka ga likita tun da wuri, ka ceci hantarka, ka ceci gonar babanka. Ƙaba ana yi mata aiki ta warke, amma tana son watanni kafin a ɗora mata wahala, saboda haka ba ana saura sati biyu ake tunawa da ita ba. Ka san rukunin jininka. Mai AS lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da kullum, amma ya kamata ya san cewa matsananciyar wahala cikin zafi ba ruwa ta fi yi masa haɗari fiye da sauran. Mai asma ko farfaɗiya da iyaye suka ce "kar ka faɗa, rufa wa kanka asiri", ku ji tsoron Allah. Asirin da kuka rufa a gida zai tonu ne a tsakiyar fili, a lokacin da ba uwa ba uba kusa. Duk babban asibitin da ke Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, ko a shiga Zariya, za a iya yin yawancin gwajin nan da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da Baba zai miƙa wa mai hanya ba.

A nan dole in taɓo maganar ƙwaya, ko da wasu za su ji haushi. Akwai masu ba yara shawara su haɗiyi tiramol ranar gudu wai don kar su gaji. Tiramol ba ta ƙara numfashi. Abin da take yi shi ne ta toshe maka jin ciwo, wato ta kashe ƙararrawar da Allah Ya sa maka a jiki, sai ka yi ta gudu a kan ƙafar da ta riga ta lalace. Kuma tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman in an sha da yawa. Wanda ya saba da ita, ya shiga inda ba zai samu ba, satin farko jikinsa zai tona shi.

Wannan ya kawo ni kan wasu iyayen, waɗanda suka mayar da soja juji. Yaro ya gagari uwa ya gagari uba, yana shaye-shaye, yana ɗauke-ɗauke, sai a yi zaman gida a ce "a kai shi soja su gyara shi." Subhanallah. Ku da kuka haife shi shekara ashirin kun kasa, sai saje ne zai gyara shi a wata shida? Abin da za a koya masa shi ne fareti da harbi da bin umarni. In ya jure ya fito, kun ɗauki yaron da ba ku yarda ku bar masa makullin shago ba kun sa an damƙa masa bindiga, an tsayar da shi a shingen hanya. Gobe in ya mari direba a kan naira ɗari biyu, mu ne dai za mu hau Facebook muna tsine wa sojoji. Mai shaye-shaye magani yake buƙata da kulawa. A fara da wannan.

Maganar layu da guru da maganin ƙarfe ba zan daɗe a kanta ba. Addu'ar iyaye babu kamarta, a yi ta dare da rana. Amma kuɗin da za a kai wa mai tsaga jiki ya shafa baƙin gari, a sayi ƙwai da wake da gyaɗa yaro ya ci ya yi ƙwari.

Na uku takardu, kuma a nan ake zubar da yaranmu tun kafin su cire riga. Sharuɗɗan da ake bugawa a 'yan shekarun nan a fili suke. Shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a, mai sana'ar hannu ko takardar ƙwarewa har zuwa 26. Tsayi kada ya gaza mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace, don mata ma ana ɗauka. A ci darussa huɗu har da Turanci a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zaman da bai wuce biyu ba. Lambar NIN, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma. Kuma ya kasance ba shi da aure. Kowane zagaye a karanta sanarwar da idon basira, don ita ce hujja, ba abin da aka ji a majalisa ba. Yanzu ku duba yadda muke yi. Mai shekara 27 zai je ya yi rantsuwar kotu ya koma 21, ya manta cewa shekarar da ya rubuta jarrabawa tana nan a rubuce, NIN ma tana da nata lissafin. Mai mata da ɗa zai ce shi saurayi ne. Wanda bai kai tsayi ba zai biya kuɗi wai za a rufe ido, alhali ma'aunin a gaban jama'a yake. Gyaran suna a NIN yana cin lokaci, duk wanda ya taɓa bin layin ya sani. Yau ake farawa, ba ranar da suna ya fito ba.

Sannan Turanci. Zamanin da ake horar da soja da Hausa ya wuce tun tuni. Yaron da aka rubuta wa amsa a allo ya samu sakamako mai kyau, amma ba zai iya karanta sakin layi guda ya faɗi abin da ya fahimta ba, zai sha wuya, don a Daffo akwai aji, akwai rubutu, akwai karatun taswira, ba gudu kaɗai ba ne. Wata ukun nan da yake gina numfashi, ya riƙa zama da wani malamin makaranta ko awa guda ne da yamma. Kuma a daina rikita Daffo da NDA ta Kaduna. Waccan ta hafsoshi ce, da jarrabawar JAMB ake nemanta, shekara biyar ake yi. Na ji wanda aka karɓe wa kuɗi da alkawarin ɗansa zai fito Daffo da tauraro a kafaɗa. Kurtu soja ne marar igiya yake fitowa, daga nan ya fara hawa.

Yanzu bari in juyo kan shugabanninmu, ciyamomi da kansiloli da 'yan majalisa na yankin nan. Jihar Kaduna ƙananan hukumomi 23 gare ta, kuma kason da ake ba jiha da sunan dukkanmu ake ba da shi. In yaranmu suka zube a tantancewa, gurbin ba ya jiranmu. Abin da muke gani shi ne bayan suna ya fito, a tara yaran da suka ci da guminsu, a ba su kuɗin mota, a ɗauki hoto, 'yan soshiyal midiya su rubuta "mai girma ya samar wa matasa aikin soja." Wannan ma ai irin sana'ar mai hanya ce, sai dai ita da babbar riga. Ga aikin da ba ya buƙatar kwangila: filayen makarantun sakandare suna nan a Ikara da Makarfi da Kudan. Tsofaffin sojoji da suka yi ritaya suna nan a garuruwanmu, wasu na gadi, wasu na zaune a gida, sun san abin nan ciki da waje. A ɗauki biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma a ba su alawus su riƙa fitar da yara da asuba. Makarfi tana da kwalejin kimiyyar lafiya ta Shehu Idris, cike da ɗalibai masu neman inda za su gwada hannu a awon jini da awon tsayi. A ware rana guda a sakatariya a duba takardun kowane yaro kafin ya cike fom. Nawa wannan zai ci? Bai kai kuɗin fastocin zaɓe na mazaɓa ɗaya ba. A shekarun nan an sha kai waɗanda suka tsallake tantancewar jiha sansanin soja na dajin Falgore kafin a wuce da su Zariya. Mutanen Ikara sun san hanyar Tudun Wada, nan ne bayan gida. Ko a can ma baƙi sun fi mu zuwa da shiri.

Kar wani ya fassara ni cewa ina hana yara shiga soja. Ina! Waɗanda suke Ikara ba su manta da daren da aka buɗe wa masallata wuta a Saya-Saya ba, a watan Satumban 2023. Mutanen Kudan suna jin abin da ke faruwa da maƙwabtansu na Giwa. Muna buƙatar 'ya'yanmu cikin kaki, waɗanda suka san daji, suka san harshe, suka san ciwon abin. Amma a gaya wa yaro gaskiya tun a gida: bayan faretin yaye kurata ana iya tura shi Borno ƙarƙashin Haɗin Kai, ko dazukan Zamfara da Birnin Gwari ƙarƙashin Fansan Yamma. Wanda zai je irin wuraren nan, ranar da ya fara gudu da asuba a kan hanyar gonarsu ranar ya fara kare ransa. In albashi kawai yake hange, ko kaki don 'yan mata, a zaunar da shi a yi masa bayani, ya yanke shawara da idonsa a buɗe. Iyaye mata kuma ku shirya zuciyarku, za a yi makonni ba ku ji muryarsa ba. Duk wanda ya bugo waya a tsakanin nan ya ce ɗanku na kwance a turo kuɗi ta asusun wani, kar a tura ko sisi sai wani namiji a gidan ya taka ya je Zariya da ƙafarsa. Mu dai ba mu da uzurin nisa.

Jiya da asuba ina fitowa masallaci na tarar da yaron nan a ƙofar gida, da wani tsohon kambas na wansa a ƙafa. Ya ce, "Yaya, Baba bai san na zo ba." Muka miƙi hanyar fadama. Bai kai kilomita ɗaya da rabi ba ya tsuguna yana haki, muka dawo a ƙafa. Yau ya sake zuwa. Ranar Litinin zan kai shi gwajin jini, daga can mu wuce ofishin NIN mu kama layi. Baba kuwa har yanzu ba ya amsa gaisuwata sosai, kuma an ce mini ya samu wani ya sa masa hannu a takardar, sai dai mai karɓar jinginar bai kawo kuɗin ba tukuna. Waɗanda suke da faɗa a wajensa sun san kansu, kuma na san suna karanta wannan. Ku je ku same shi kafin Juma'a.